Ciwon Sukari Ya Iso Karkara

Shekarun baya, jama'a sun ɗauki ciwon sukari a matsayin cutar attajirai da manyan ma'aikata na birni. Yau kuwa ana samunsa a ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa da Tsanyawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya rage daka, sukari ya shiga fura da koko, ga lemon kwalba a kowace kasuwa. Har yanzu kuma wasu na ganin ƙiba alamar hutu ce.

A shekarar 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a ƙasar nan, suka ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna da cutar, a Arewa maso Yamma kuwa 3 cikin 100.

Binciken ƙasashen waje ya kawo albishir. A Amurka, a 2002, an gano cewa rage nauyi da motsa jiki sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, maganin metformin kuwa kashi 31. A Birtaniya, a 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa wa tsarin rage ƙiba sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Amma fa akwai abin lura. Waɗancan mutane masu ƙiba ne, kuma na Birtaniya abincin ruwa na musamman suka sha na watanni, wanda ba a sayar da shi a kasuwar Kunchi. Manomin da abincinsa tuwon dawa da gero ne yana bukatar a gaya masa malmala nawa zai ci, da yadda zai yi a lokacin azumi da lokacin huɗa. Bugu da ƙari, ba kowane mai ciwon ne mai ƙiba ba. A 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i na biyar, mai nasaba da ƙarancin abinci tun yarinta, wanda yake kama ramammu. A ce wa irin wannan majiyyaci ya rage ci, ai an ƙara masa wahala ne.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero su haɗa hannu su gudanar da bincike a waɗannan ƙauyuka, bisa abincin da jama'a suke ci. Kafin nan, ya kamata kowane ƙaramin asibiti ya sami ma'aunin nauyi da na'urar gwada sukari, kuma a riƙa gwada manya kyauta a ranakun kasuwa.