Sharhi: Buɗe Katin Bashi Don Tukwici Da Saurin Rufe Shi Na Rage Ƙimar Ɗan Kasuwa

Tsakanin tashar motar Jabi da rukunin shagunan Jabi Lake Mall da aka buɗe a bakin tafki cikin 2015 tafiya ce 'yar kaɗan, amma ciniki iri biyu ake yi. A tasha da kasuwar Utako da ke maƙwabtaka da ita, har gobe ana ba mutum kaya bashi bisa sanayya, domin an san ubangidansa, an kuma san bai taɓa cin amanar kowa ba. A manyan shaguna kuwa babu mai tambayar asalin mutum, kati kawai ake miƙawa. Abin da ya haɗa 'yan kasuwar ɓangarorin biyu a yau shi ne tayin da ke shigo musu ta waya daga bankuna da kamfanonin ba da rance: a buɗe katin bashi ko sabon asusun rance, a sami rangwame, ko a mayar wa mutum wani kaso na kuɗin da ya kashe.

Wannan tukwici tamkar gyara ne da mai awo kan ƙara wa mai saye don ya dawo gobe, kuma babu laifi a karɓe shi. Inda gizo ke saƙar shi ne a mayar da farautar gyaran sana'a, a buɗe kati yau, a kwashi garaɓasa, a rufe shi bayan wata uku, a koma wani bankin. Mai yin haka yana ɓata wata takardar shaida da ake rubutawa a kansa ba tare da ya gani ba.

A Amurka ne wannan ɗabi'a ta fi ƙamari, a can ne kuma aka fi sanin sakamakonta. Tun 1989 kamfanin Fair Isaac ya fito da makin da ake kira FICO, wanda ke auna cancantar mutum ga rance daga 300 zuwa 850. Kamfanin ya bayyana yadda yake rabon awon: kashi 35 cikin ɗari na biyan bashi a kan lokaci ne, kashi 30 na yawan abin da ake bin mutum, kashi 15 na daɗewar tarihinsa, kashi 10 na sababbin rancen da ya nema, sauran kashi 10 kuma na ire-iren bashin da ya taɓa riƙewa. Mai buɗe kati yana rufewa yana taɓa uku daga cikin waɗannan biyar a lokaci guda.

Duk sanda mutum ya nemi kati, banki zai binciki bayanansa, binciken kuma yakan zauna a takardarsa har shekara biyu. Guda ɗaya ba ya yin wata ɓarna. Amma biyar ko shida a jere alama ce ta wanda ruwa ya kusa ƙare wa, ko da kuwa tukwici kawai yake bi, domin na'ura ba ta san niyya ba. Bankin Chase na Amurka ya yi suna wajen ƙin ba da yawancin katunansa ga wanda ya buɗe katuna 5 cikin wata 24. Har ila yau, kowane sabon kati yana rage matsakaicin shekarun asusun mutum nan take.

Rufewar ce ta fi ruɗar mutane, saboda a hankalce wanda ya rage katunansa ya rage hanyar cin bashi, ya kamata a yaba masa. Lissafin bai tafi haka ba. A ɗauki misalin mai sayar da kayan gyaran mota da ke da kati biyu, kowanne an yarje masa Naira 500,000, ana kuma bin sa Naira 300,000 a ɗaya daga ciki. A idon mai awo ya ci kashi 30 cikin ɗari na abin da aka amince masa. Ranar da ya rufe katin da babu bashi a kansa, sai ya zama ya ci kashi 60, alhali ko kwabo bai ƙara ranta ba. Game da daɗewa kuwa, a Amurka asusun da aka rufe lafiya yakan ci gaba da bayyana har shekara goma, don haka illar ba ta zuwa nan da nan, amma tana nan tafe. Da tsohuwar zuma ake magani, katin da ya shekara takwas ana biyansa a kan kari shaida ce da kuɗi ba sa saye.

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne, tunda a Nijeriya katin cire kuɗi ne a aljihun jama'a, katin bashi kuwa sai ma'aikata masu albashi da 'yan tsirarun attajirai. Gaskiya ne katin bai yaɗu ba, amma ma'aunin ya riga ya iso, kuma bai bambanta bashin kati da wanda aka ci ta manhajar waya ba.

Idan za a iya tunawa, rashin irin wannan ma'auni na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da bankuna a shekarun 1990, lokacin da mutum ɗaya kan ci bashi a banki, ya ƙi biya, ya tsallaka titi ya ci a wani. Gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 18 ta 1994 don ƙwato basussukan bankunan da suka rushe, a watan Janairun 1998 kuma aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Daga wannan darasi ne Babban Bankin Nijeriya ya kafa rumbun bayanan manyan masu cin bashi, sa'an nan a 2009 ya ba da lasisi ga ofisoshi uku masu zaman kansu na tattara bayanan bashi, waɗanda a yau aka sani da CRC, da CreditRegistry, da FirstCentral. Lambar BVN da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014 ta ɗaure duk asusun mutum a igiya ɗaya. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar bayar da rahoton bashi. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020 kuma, tsarin GSI ya ba banki ikon cire bashin da aka ƙi biya daga ajiyar mai bashin da ke wasu bankuna. Ke nan sauya banki ba ya shafe tarihi.

Akwai kuma wani tarko da ya fi zama na gida. Da yawa ba sa rufe kati, watsar da shi suke yi. Mutum ya daina amfani da shi, ya jefa a aljihun tebur, yana zaton magana ta ƙare, alhali kuɗin kula da kati da 'yar ragowar ruwa suna taruwa. Bayan shekara biyu ya je neman rancen Naira miliyan goma don sayo kaya, sai a ce masa sunansa na cikin waɗanda suka gaza biya, a kan kuɗin da bai kai na man mota daga Jabi zuwa Kaduna ba. Gyara irin wannan tabo yakan ci lokaci da zirga-zirga, kaya kuwa ba sa jiran mai saye.

Shi kansa tukwicin, nawa yake? Idan ana mayar da kashi 1 cikin ɗari, sayayyar Naira 300,000 ta kawo Naira 3,000. Idan aka bar bashin ya kwana wata guda a kan ruwan kashi 3, an biya Naira 9,000. A ƙasar da ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, garaɓasa ba ta amfanar kowa sai wanda ke biyan bashinsa kaf a ƙarshen kowane wata.

Ba a ce kada a rufe kati sam ba. Wanda kuɗin shekararsa ya fi amfaninsa, ko wanda ke jan mai shi zuwa kashe abin da ba shi da shi, rufe shi ya fi alheri, makin da ya sauka kuma yakan farfaɗo idan aka ci gaba da biya a kan lokaci. Sai dai a yi shi da tsari. A fara da sabon kati, a bar tsohon. Kada a rufe ana gab da neman babban rance. A biya komai, a rubuta wa banki takarda, a karɓi wasiƙar shaidar cewa ba a bin mutum ko sisi, a adana ta tare da takardun shago. Doka ta ba kowa damar ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara da kuma ƙalubalantar kuskuren da ya gani a ciki, abin takaici kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwa suka san da wannan.

Nan ne laifi ke komawa kan masu tallar. Jami'in da aka ɗora wa adadin katunan da zai raba a wata ba shi da lokacin bayyana wa ɗan kasuwa cewa sa hannun da ya yi izini ne na bincikensa, balle ya faɗa masa da Hausa. Ya kamata Babban Banki da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda tun 2022 take yi wa kamfanonin rance na waya rajista, su tilasta a riƙa yin wannan bayani kafin sa hannu, cikin harshen da mutum yake ji, a kuma wajabta wa banki sanar da mai kati kafin a kai sunansa ofishin bayanai a kan ragowar kuɗin da bai san da ita ba.

Buƙatar haka ta ƙaru tun da gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP a 2024 don yaɗa sayen kaya bashi a tsakanin ma'aikata da sauran jama'a, domin hakan na nufin mutane da yawa za su fara samun maki a karon farko. Dillalin da ya shekara ashirin yana karɓar buhunan shinkafa bashi a Utako yana biya, ko matar da ba ta taɓa saɓa zubin adashi ba, duk wannan amana ba ta cikin rumbun kowane ofishi. Abin da na'ura za ta fara sani game da su shi ne kati ko rancen farko da suka buɗe, da watan da suka rufe shi, da ko sun bar ragowar kuɗi a kansa.