Ɗan Kasuwa Ba Zai Gina Ajin Ƙauye Ba

Alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 sun nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma rashin zuwa makaranta na cikin ma'aunan da aka yi amfani da su. Mu da muke tsayuwa gaban allo kullum mun riga rahoton sani. Mun san yaron da ke zuwa bai karya kumallo ba, da yarinyar da talla ke ɗaukewa daga aji ranar kasuwa.

Ana yawan cewa gwamnati ta ja gefe, 'yan kasuwa ne za su fitar da jama'a daga ƙangin talauci. Ba mu musanta amfanin masana'antu ba. Dattawanmu sun ga zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano ke ciyar da dubban gidaje. To me ya durƙusar da su? Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfofin fasa-ƙwauri, al'amuran da ke wuyan hukuma. Ɗan kasuwa riba yake nema, kuma ba laifi ba ne, sai dai ba zai gina aji inda iyaye ba su da kuɗin makaranta ba.

Wannan aikin gwamnati ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin kowace jiha ta zuba nata kason. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a asusun hukumar UBEC saboda wasu jihohi sun kasa cika sharaɗin, alhali yara na zaune a ƙasa, iska ta yaye rufin aji.

Masu makarantun kuɗi ma da sauran magana. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ta wannan kafa ake biyan 'yan'uwanmu malamai abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha ta riƙa bayyana wa jama'a ranar da ta biya kasonta kowace shekara, ma'aikatar ilimi kuma ta duba takardar albashin malamai kafin ta sabunta lasisin kowace makarantar kuɗi.