Duhun Daren Gwashi Abin Koyarwa Ne

A Landan ko Faris, mai sha'awar ɗaukar hoton taurari sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kuɓuta daga fitilun birni. A Gwashi da sauran garuruwan Bukkuyum, Anka da Gummi kuwa, duhun da yake nema yana sauka kowane dare, saboda ƙarancin lantarki. Wannan ba abin alfahari ba ne, amma tunda akwai shi, ya kamata makarantun sakandaren yankin su ci moriyarsa.

Abin da masu wannan sha'awa ke farauta shi ne nebula, wato makeken gajimaren iskar haidirojin da zafafan taurari ke haskawa har ya riƙa fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656. Idon mutum ba ya kama ja sosai a cikin duhu, amma kyamara tana tara haske. A ɗauki hotuna ɗaruruwa, kowanne na minti ɗaya ko biyu, a haɗa su a kwamfuta da manhajar kyauta irin Siril, sai abin da ido ya kasa gani ya bayyana. Kuma ba wasan yara ba ne. A 1883 Andrew Common, wanda ba masanin jami'a ba ne, ya ɗauki nebular Orion daga lambun gidansa a Landan, hotonsa ya nuna taurarin da ido bai kai gare su ba. A 2023 wasu 'yan sa-kai uku, Drechsler da Strottner da Sainty, suka bayyana wani dusasshen gajimaren iskar oksijin a gefen tarin taurarin Andromeda, wurin da ƙwararru suka yi fiye da ƙarni suna ɗauka. Madubin hangen nasu bai wuce santimita 11 a faɗi ba. Haƙurin tara haske na sama da awa 100 ne ya yi aikin. Yankin Gwashi kuma yana kusan digiri 12 arewa da ikwaita, don haka rukunin taurarin Orion na bi ta kusa da tsakar ka.

Za a ce hazon hunturu yana rufe sama. Gaskiya ne, amma daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa Nuwamba sama takan yi garau, kuma Orion kan kasance a sama da tsakar dare. Za a ce tsaro, kuma wannan ce hujja mafi nauyi, domin mai hankali ba zai tura yara daji da dare a Bukkuyum ba. To, ba a buƙatar daji. Farfajiyar makaranta a cikin gari ta isa, musamman in an sa gilashin da ke tace jan hasken haidirojin kaɗai. Maganar kuɗi ce ta rage, kuma ba kowace makaranta za ta saya ba. Kyamara ɗaya da na'urar bin tafiyar taurari, a hannun Jami'ar Tarayya ta Gusau, za su iya zagaya makarantun ƙananan hukumomin uku, kowacce ta riƙe su a darare marasa farin wata.