Kafin Ka Sayi Motar Yayi, Tambayi Bakaniken Garinku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan gardamar da ake yi a tasha da majalisu, wai shin motocin alfarma na yanzu sun fi na da ƙwari?

Ni manomi ne, ina kuma taɓa saye da sayar da hatsi a kasuwannin ƙauye. Na tashi na tarar da mahaifina da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin wadda aka riƙa haɗawa a da a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Shekara da shekaru tana jidar buhunan masara a hanyar burji. In ta tsaya, bakaniken garinmu zai buɗe kafireta ya wanke, ya goge fulogi, sai ka ji ta tashi. Kayan gyaranta kuwa ga su nan birjik a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Haka ma tsohuwar Mercedes 200, wato Marsandi.

Bara ƙanena ya sayar da bijimai biyu, ya haɗa da kuɗin waken suya, ya sayo wata danƙareriyar mota 'yar Kwatano, kujerun fata, ga na'urar sanyi. Da damina ta sauka ya ratsa wani rafi da ita, ruwa ya taɓa wayoyinta, shi ke nan ta mutu. Bakanikenmu ya ce wallahi wannan ta fi ƙarfinsa, sai an sa mata kwamfuta. Aka ja ta zuwa birni, aka ce ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone. Wata biyu tana ajiye ana neman wata. A cikin kwanakin nan naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare, kuma da tsohuwar Fijon maƙwabcinmu muka kai ta asibiti. Allah Ya sa ta sauka lafiya.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba zan ce motocin yanzu ba su da kirki ba. Mutane na yi masu dariya wai jikinsu kamar gwangwani. To da gangan aka yi gabansu ya riƙa lanƙwashewa in an yi karo, domin ƙarfen ya shanye bugun, na ciki su tsira. Suna da jakar iska, da birkin da ba ya kulle taya. Kuma in ka gwada masu girman inji ɗaya, ba su kai na da shan mai ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023.

Abin da na gane shi ne, an ƙera su ne don kwalta mai kyau da mai kuɗin gyara. Mu kuwa mutanen karkara, mota mai ƙwari ita ce wadda in ta lalace da safe, za a gyara ta kafin la'asar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, kafin ka sayar da dabba ko gona ka sayi mota, tambayi kanka abu uku: wa zai gyara ta a garinku, ina ake samun kayanta, kuma cikinta zai tsallake ramukan hanyarku? Ina kuma roƙon gwamnati ta taimaka ta gyara mana hanyoyi, ta koya wa yaranmu kanikawa gyaran motocin kwamfuta, domin tsofaffin suna ƙarewa.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Giwa, Jihar Kaduna.