Kuɗin Ƙwallo Ma Amana Ne

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ke ɗauka wasa ne, watau kuɗin ƙungiyoyin wasa. Duk inda mutum ya bi a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, daga Tafoki zuwa Sheme, ko Daudawa, ko Yankara, da wuya ya sami garin da ba shi da filin ƙwallo da samari masu kiran kansu kulob. A majami'u kuma ga ƙungiyar matasa, ga 'yan Birged, ga masu wasan kwaikwayo na Kirsimati. Dukansu suna bukatar kuɗi, ko kaɗan ne.

Ƙungiya takan fara da murna. A zaɓi suna, a ɗinka riguna, a ɗauki hoto. Kafin shekara biyu sai ka ji ta watse. In ka tambayi dalili, da wuya a ce maka 'yan wasa aka rasa. Abin da za ka ji shi ne, "An ci kuɗinmu." Sau da yawa ma ba wanda ya ci ko kwabo, rubutu ne ba a yi ba, ma'aji ya kasa tuna inda kowace naira ta shiga. Amma sunansa ya riga ya ɓaci, gidaje biyu sun daina gaisawa. Inda kuwa Kirista da Musulmi ke buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya, kamar yadda ake yi a garuruwanmu da yawa, zargin naira dubu biyar yana iya rikiɗewa ya zama maganar addini.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Yankinmu ya sha wuyar 'yan bindiga, kowa kuma yana tune da ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, su fiye da 300, da aka kwashe a watan Disamba na 2020. Yaran da suka tashi cikin irin wannan fargaba suna bukatar wurin da za su yi gudu su yi dariya da la'asar a gaban idon manya. Idan fili ya mutu, saurayi ba ya komawa ɗaki ya zauna. Akwai majalisar masu shan ƙwaya da shagon caca suna jiransa.

Ina kuɗin za su fito?

Tushe na fari shi ne aljihun 'yan ƙungiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bari mu yi lissafi. A ce ƙungiya tana da mutum 30, kowa yana ba da naira 200 a mako. Naira 6,000 ke nan. A cire makonni 12 na tsakiyar damina, sa'ad da kowa ke gona, saura makonni 40. A shekara an tara naira 240,000 ba tare da an roƙi kowa ba. A sa kuɗin daidai ƙarfin mafi talauci a cikinsu, gama naira 200 da kowa ke biya ta fi naira 1,000 da mutum biyar kaɗai ke iya bayarwa. Ɗan makaranta da maraya a rage musu, amma a yanke wannan a gaban taro, a kuma rubuta, kada ya zama alfarmar shugaba.

Tushe na biyu shi ne ƙarfin jiki. Kakanninmu sun san gayya tun kafin a san kulob. Samari 30 suna iya karɓar ƙwadagon karyar masara, ko cirar auduga, ko bugun waken suya, ko buga tubali, su gama da safiya ɗaya, ladan ya shiga asusu. Waɗansu sukan nemi aron gona su noma da sunan ƙungiya. Wannan yana da kyau, muddin gonar tana kusa da gari. Kada a tura 'ya'yan mutane bakin daji saboda kuɗin riga. Game da sayen hatsi da kaka domin a sayar da damina kuwa, a yi hattara. A shekarar 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai a kasuwannin Arewa, masu ajiya da yawa suka yi hasara. Mutum yana da ikon gwada sa'a da dukiyarsa, amma ba da ta jama'a ba.

Tushe na uku shi ne bukin neman gudummawa, wanda ake kira lancin. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke ruɗin kansu. A yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, a sayi lemo, a buga katin gayyata. Manyan baƙi su tashi ɗaya bayan ɗaya suna alkawari, ana tafi. Washegari a ƙirga abin da ke cikin tire, sai a ga bai biya kuɗin rumfa ba. Shawararmu ita ce, kafin a sa rana a rubuta abin da bukin zai ci, a kuma faɗa wa baƙi ainihin abin da ake so a saya da farashinsa, misali raga biyu da ƙwallo huɗu. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san inda kuɗinsa za su. Alkawari kuwa a rubuta shi a shafi dabam, a naɗa mutum biyu su bi shi cikin mako biyu. Kada a ci bashi a kansa, gama ba kuɗi ba ne sai ya shigo hannu.

Ƙungiyar Birged ta samari, wadda William Alexander Smith ya kafa a birnin Gilasgo a 1883, ta kuma iso Nijeriya a 1908, tana da al'adar ware mako guda a shekara domin tara gudummawa. Hikimar wannan ita ce, jama'a sun san lokacin, suna shiri dominsa, ba a kuma damunsu da roƙo kowane wata. Ƙungiyar ƙauye ma tana iya sa nata makon bayan girbi, sa'ad da hannun manomi ke da danshi.

Akwai kuma jarabar jingina da mutum ɗaya. Masu shekaru za su tuna da Leventis United ta Ibadan, wadda ta ci gasar ƙwallo ta ƙasa a 1986. Kamfani ne ke riƙe da ita, da ya janye hannunsa kuwa, kafin shekarun 1980 su ƙare ƙungiyar ta watse duk da gwanayen da take da su. To, in haka ta sami zakarun ƙasa, ina ga kulob ɗin ƙauye da ke jiran attajiri ɗaya? Haka nan da kakar zaɓe 'yan takara sukan kawo riguna da kofi. Ba mu ce a ƙi kyauta ba, amma a tuna kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Kyautar da za ta mai da 'yan wasa 'yan rakiyar yaƙin neman zaɓe, ko ta raba ƙungiya gida biyu, gara a yi godiya a bar ta.

Yadda za a riƙe su

Tara kuɗi ya fi riƙe su sauƙi. A raba aikin ga mutum uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba. Magatakarda shi ke karɓa ya rubuta. Ma'aji shi ke ajiyewa. Shugaba shi ke sa hannu kafin a fitar, bisa ga abin da taro ya yarda. Mai rubutu kada ya riƙe kuɗi, mai riƙe kuɗi kada ya yi rubutu shi kaɗai. Wannan ba rashin yarda da ma'aji ba ne, kāriya ce gare shi, domin ranar da aka zarge shi yana da shaidu.

A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a sa wa shafukansa lamba tun ranar farko domin kada wani ya ɓace. A ja layi biyar: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A rubuta da biro, a kuma rubuta nan take. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, kada a kankare. Duk abin da aka saya a karɓo rasit. Inda babu rasit, kamar wurin direba ko mai ɗinkin ƙwallo, wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a littafin. Kuɗin da aka tara a bakin fili ranar wasa, mutum biyu su ƙirga su a wurin kafin a tashi.

Idan kuɗin sun yi kauri, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ko da sai an je Funtuwa. Banki zai nemi tsarin dokokin ƙungiya a rubuce, da shaidar rajista, da lambar BVN ta masu sa hannu. A sa mutum uku, a ce sai biyu sun sa hannu kafin kuɗi su fita. Kada a yarda ana tura kuɗin ƙungiya cikin asusun wayar mutum ɗaya, inda za su gauraya da kuɗin cefanensa.

Shekarun baya sun koya mana darasi biyu. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka yi watanni a haka. Wanda lissafinsa duka ke cikin saƙonnin waya ya zama kamar makaho. A farkon 2023 kuma, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, masu tsofaffin kuɗi a akwati suka shiga uku, masu kuɗi a banki kuma suka kasa cirowa. Saboda haka a ajiye kaɗan a hannu domin bukatar gaggawa, sauran a banki, littafi kuwa ya riƙe labarin duka biyu.

Kada kuma a bar kuɗi suna barci. A 2024 tsadar kaya ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara, watau kuɗin da za su sayi ƙwallo huɗu a farkon shekara, da kyar su sayi uku a ƙarshenta. Da zarar kuɗin abin da aka shirya saya sun cika, a saya. Amma daga kowace naira 1,000 a ware 100 domin rauni. A lissafinmu na sama, naira 24,000 ke nan a shekara. Ranar da yaro ya karye a fili, wannan ne zai hana uwarsa ta la'anci ƙwallo. Rance kuma a hana shi tun a cikin doka, ko ga shugaba ne. Ma'aji zai ji daɗin cewa, "Doka ce ta hana," maimakon ya ce wa abokinsa a'a.

Kowane ƙarshen wata a karanta lissafi da ƙarfi a gaban kowa, a nuna kuɗin ko takardar banki, gama gani ya kori ji. Sau ɗaya a shekara a roƙi mutum biyu daga waje, misali malamin makaranta da wata uwa daga Zumuntar Mata, su bi littafin shafi shafi. Idan ƙungiyar ta ekklesiya ce, kada a gauraya kuɗinta da baiko, dattawa kuma kada su ara domin gyaran rufi ba da yardar matasan ba. A kuma duba ko 'yan mata suna samun rabonsu, tun da su ma suna zubi, su ne kuma kan yi girki ranar buki.

In kuwa an ƙirga an ga giɓi fa? Kada a yi ihu a bakin fili. A kira mai riƙon a gefe tare da dattawa biyu, a buɗe littafi, gama wani lokaci kuskuren jimla ne kawai. Idan ya tabbata ya taɓa kuɗin, ya sauka daga muƙamin, a rubuta yadda zai biya kaɗan kaɗan zuwa kaka, a bar shi ya ci gaba da wasa. Kuɗin muke so su dawo, yaron ma ba mu so mu rasa shi.

Iyaye, ga ɗan aiki a gare ku. Ku tambayi ɗanku ko 'yarku wane ne ke riƙe kuɗin ƙungiyarsu, yaushe kuma aka karanta lissafi na ƙarshe. Idan bai sani ba, ku saya musu littafi da biro. Saurayin da ya iya riƙe naira 6,000 ta abokansa da gaskiya, shi ne gobe za a ba asusun majami'a ko na ƙungiyar manoma hankali kwance. Masu tambaya a kan yadda ake ja layukan littafin su rubuto mana. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.