Kafin Ka Ɗauki Kwanon Siminti

Ƙannena, hutu ya matso, na kuma san da yawa cikinku za su nufi wuraren gini neman kuɗin littafi da takalmi. Madalla, ni ma na yi leburanci kafin in shiga jami'a. Sai dai akwai abin da ban sani ba a lokacin, wanda nake so ku sani.

Wata rana cikin Afrilu muna zuba kankare a saman bene, tun hantsi muke hawa da sauka da kwano a ka. Wajen azahar wani abokin aikinmu, ƙato majiyi ƙarfi, ya fara tangaɗi yana maganar da ba ta da kan gado. Muka ɗauka wasa yake, har muna dariya. Sai gani muka yi ya zube. Da birkilanmu bai yi maza ya ja shi inuwa, ya kwarara masa ruwa, aka garzaya da shi asibiti ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Me ya kayar da shi? Zafin jikin mutum kusan digiri 37 ne, gumi kuma shi ke hana shi hauhawa. Mai aikin ƙarfi cikin rana kan zubar da gumin da ya kai lita 1 a awa guda, wato ledar ruwa biyu, haɗe da gishirin jiki. In ba a mayar ba, sai ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiyoyi. In zafin ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa kan rikice, rai ma na iya salwanta. Bushewar jiki a kai a kai kuma tana lahanta ƙoda.

Don haka kada ka jira ƙishirwa; riƙa kurɓar ruwa duk bayan minti 20. Duba fitsarinka: in ya yi duhu, jikinka na neman ruwa. Wanda ya galabaita amma yana cikin hayyacinsa, a ba shi lita 1 ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, a sanyaya jikinsa a kai shi asibiti.

Neman inuwa ba ragwanci ba ne. A Katar, tun 2021 doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma a watannin zafi. Kai ma in ka ji jiri, gaya wa maigidanka ka zauna. Kuɗin yini ɗaya bai kai ranka ba, kuma aji na jiranka.

Sai mako mai zuwa.