Jirginmu Yana Cikin Rediyo

Ni ɗan Mirya ne, ina karatu a jami'ar Damagaram. Kowace safiya ta Allah sai na yi kilomita 18 in zo, da marece in yi 18 in koma. Saboda haka in ana zancen wahalar hanya, ba labari aka ba ni ba. Na san ƙaramar motar da ake cusa mutum biyu gefen direba. Na san zaman tasha ana jira sai mota ta cika, ko da darasin ƙarfe takwas zai wuce ka. Na san ɗan kabu-kabun da ke ninka kuɗi da zarar ya ga hadari ya haɗo. Duk wannan na saba, na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa, har ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne abin da ya same ni bara a hanyar Yamai da kuma abin da ya biyo baya.

Ina da konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ranar Lahadi da ƙarfe takwas na safe a Yamai. Wata shida ina shiri. Innata ta sayar da akuyarta ta haɗa mini kuɗin takardu da na mota. Na yanki tike tun kwana uku kafin tafiya, a ɗaya daga cikin kamfanonin manyan motocin nan da tallarsu ba ta barin kunnenmu ya huta a rediyo: wai mota sabuwa, sanyi kamar a ɗaki, tashi kan lokaci, sauka kan lokaci. An rubuta ƙarfe biyar na asubar Asabar. Mun tashi shida da rabi. Ban damu ba, don tafiyar kusan kilomita 900 ce, ko an yi jinkiri dai a kwana a Yamai.

Mun wuce Takeita, mun wuce Tasawa, mun ci abinci a Maraɗi. Kafin mu kai Ƙonni mota ta yi tari sau biyu ta tsaya cikin daji. Direba ya ce minti goma. Karen mota ya shige ƙarƙashi ya fito baƙi ƙirin, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo. Aka ce wata mota na tafe. La'asar ta yi, magariba ta yi, isha'i ta yi. Ruwan leda ya ƙare. Akwai mata biyu masu goyo. Akwai wani dattijo da likita ya ba shi rana a babban asibitin Yamai, yana riƙe da ambulan ɗin hotunan ƙirjinsa kamar wanda za a ƙwace wa. Mun kwana bakin kwalta. Motar ceto ta iso bayan hantsi, muka shiga Yamai ana kiran sallar la'asar ta Lahadi. A ƙofar makarantar da aka yi jarrabawar, mai gadi kaɗai na tarar yana shara.

Wani zai ce, me ya hana ka tafi tun Juma'a? Ɗan'uwa, kuɗin kwana biyu a Yamai wa zai ba ni? Akuya ɗaya aka sayar.

Da na dawo na je ofishin kamfanin. Ban nemi su biya ni wata shidan da na yi ina karatu ba, kuɗin tike kawai na tambaya. Mai yankan tike ya dube ni ta ƴar tagarsa ya ce, "Malam, ai ka isa Yamai ko? To sai haƙuri, abin daga Allah ne." Ni ma na san komi daga Allah ne. Amma malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Motar da ba a duba ba aka sa ta hanya da mutum sama da sittin, wannan sakaci ne, kuma sakaci yana da mai shi.

To, ina talaka zai kai kuka? A garin nan kowa ya san amsa: rediyo. Wanda akuyarsa ta ɓata, rediyo. Unguwar da famfo ya yi sati bai kawo ruwa ba, rediyo. Saboda haka na sa kuɗi a salula na jira shirin safe da ake buɗe layi, a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Na yi sa'a na shiga. Mai gabatarwa ya amsa sallamata da fara'a, har da "ɗan'uwa daga ina?" Na soma bayani. Ina ambatar sunan kamfanin sai ya ce, "Alo? Alo? Layinka ba kyau, ɗan'uwa, sake kira." Layina lafiyarsa lau, ina jin numfashinsa. Ba a yi minti biyar ba sai ga tallar wannan kamfanin a wannan tashar: mota sabuwa, tashi kan lokaci.

Ranar na gane abin da Bahaushe ke nufi da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba ni da niyyar cin mutuncin ƴan jaridarmu. Na san wasunsu, tare muke shan shayi. Na san albashinsu bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai wata ya haɗu da wata ba a biya ba. Na san gidan rediyo yana biyan kuɗin wuta, in an ɗauke ya sayi mai ya tada inji, kuma ba mu masu saurare ke biya ba. Talla da sanarwar aure da ta rasuwa ke riƙe da shi. Na kuma san cewa iyayenmu sun yi zamanin da murya ɗaya ce tal a ƙasar nan, sai bayan Taron Ƙasa na 1991 aka samu tashoshi masu zaman kansu, kuma akwai ƴan jaridar da suka sha rufe tasha da kwanan kaso kafin mu samu damar da muke da ita yau. Don haka ne ma abin ya fi yi mini ciwo. Bakin da aka sha wuya aka buɗe shi gaban hukuma, yanzu mai mota ne zai rufe shi da kuɗin talla?

Da na ba abokaina wannan labari, sai ɗaya ya ce, "Ka bari kawai, da muna da jirgin ƙasa da duk wannan bai faru ba." Nan ma sai na yi dariyar takaici, don jirgin ƙasa muna da shi, a rediyo yake.

Ku tuna. A watan Afrilu na 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, aka ce ƙasa ta shiga sahu. An ba kamfanin Bolloré na Faransa aikin, shi zai shimfiɗa, shi zai tafiyar. Ranar 29 ga Janairu 2016, saura kamar sati uku zaɓen shugaban ƙasa, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da ɗoriya. Mun ji kiɗa, mun ji jawabai, mun ji sharhi. Nufin shi ne layin ya bi ta Gaya ya haɗu da na Benin, wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun zamanin Turawa. Sai wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya kai ƙara cewa shi aka fara ba aikin, kotunan Benin kuma suka ba shi gaskiya. Aiki ya tsaya. Layin Doso ya zama igiyar da ba ta ɗaure da komi. A 2022 Bolloré ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC, ya kama gabansa. Don Allah, a cikinku wa ya taɓa ganin mutumin da ya yanki tike ya hau jirgin nan ya je Doso cin kasuwa?

Ba faɗuwar aikin ce kaɗai ke damuna ba, aiki yana faɗuwa a ko'ina. Tambayoyin da ya kamata a yi tun ranar biki su ne ban ji ba. Me aka rubuta cikin yarjejeniyar? In kamfani ya tafi, wa zai ɗauki asara? Wa zai yanke kuɗin tike? In jirgi ya yi jinkiri, fasinja zai je wurin wa? Waɗannan su ne dai tambayoyin da na yi wa mai yankan tike ta ƴar taga, aka ce mini sai haƙuri. Kamfani sunansa kamfani, ko taya gare shi ko ƙafar ƙarfe. Riba yake nema, kuma ba laifi ba ne. Amma in babu doka a kansa, babu kuma bakin da zai tona shi, to ranar da aka kawo mana jirgi za mu kwana ne bakin dogo maimakon bakin kwalta.

Yanzu ga wani jirgin kuma ana ta ba mu labari. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, kuɗinsa kusan dala biliyan 2. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta Kasuwar Dole ba. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ya tsaya Maraɗi. Ina taya Maraɗawa murna, wallahi har zuciya. Amma ku dubi taswira: Daura tana nan bayan Matamaye, muna jiyo ƙamshin jirgi zai wuce ta ƙofar gidanmu ya yi yamma. Kuma faɗin dogon ba ɗaya ba ne da na Doso. Na Doso mita 1 ne, na Maraɗi mita 1 da santimita 43 da rabi, wato ko an haɗa su jirgin wannan ba zai hau na wancan ba. Wane shiri ne ya taɓa zaunar da mu ya bayyana mana wannan da Hausa? Wane ɗan jarida ne ya tsare ɗan majalisarmu ya ce masa, ranka ya daɗe, ina rabon Damagaram?

Kuma ba yau aka fara wuce mu ba. Garin nan zango ne na ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas har Turabulus, sunan unguwar Zango ma shaida ne. Zamanin Sarki Tanimu fatake ba su isa su tsallake Damagaram ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar kakanninmu ta yi shekaru tana tafiya bisa raƙuma da jakai da manyan motoci don ta je ta hau jirgin wasu. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ na aiki a arewacin gari, tankoki na niƙa kwaltar da muke bi. Muna da kaya, muna da mutane, muna da tarihi. Abin da muka rasa shi ne naci wajen tambaya, kuma wurin da ya kamata a koya mana nacin ya koma wurin gaishe-gaishe da "a sa mini waƙa".

Ga abin da nake roƙo, kuma ba na jin ya fi ƙarfin kowa. Kowane gidan rediyo a garin nan ya ware rabin awa a sati don matafiya kaɗai. A bar mutum ya faɗi sunan kamfani, a kira kamfanin ya zo ya kare kansa, in mai kira ne ya yi ƙarya a ƙaryata shi gaban kowa. In dukan tashoshin suka yi haka tare, mai mota ba shi da inda zai kai tallarsa ya tsere, don shi ma yana buƙatar kunnenmu. In mota ta lalace a hanya, a sanar kamar yadda ake sanar da ɓatan akuya, iyalai su san inda ƴan'uwansu suka kwana. Hukuma kuma ta tilasta a rubuta a bayan tike abin da fasinja zai samu in an yi masa jinkirin da ya wuce ƙa'ida. Duk ranar da aka sake zuwa da zancen jirgi, kafin a kira makaɗa, a karanta mana yarjejeniyar da Hausa, da Barbarci, da Fillanci, da Buzanci.

Mu ma ɗalibai akwai namu. Hutu na zuwa, kowa zai kama hanya: wasu Gure, wasu Tanut, wasu Magarya, wasu Yamai. Kada ka yar da tikenka. Rubuta a bayansa ƙarfe nawa aka ce za a tashi, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka sauka, da abin da ya faru a hanya. Wanda aka kyautata masa shi ma ya rubuta, don akwai direbobi na kirki kuma ya kamata a san su. In an dawo ku kawo mana wurin zamanmu. Za mu jera su mu buga a fitowa ta gaba, mu ɗauki kofi mu kai kowane gidan rediyo hannu da hannu. Takarda dai ba a ce mata layinki ba kyau.

Ni kuwa bana ma zan sake zama konkur ɗin, in Allah ya kai mu. Inna ta riga ta nuna mini ƴar akuyar da take kiwo, ta ce wannan karo in tafi tun Alhamis.